Sanya Ƙarfe a Ƙashin Wuya: Abin da Ya Kamata Uwargida ta Sani

 

Yau zancenmu ya taso ne daga wasiƙar wata 'yar'uwa. Ta ce likita ya gaya wa maigidanta sai an yi masa tiyata a wuya an sa ƙarfe, dangi kuwa sun rabu biyu. Wasu na cewa a yi, wasu na cewa wa ya taɓa miƙa wuyansa ga wuƙa? Ita kuma ta rasa bakin magana. To 'yar'uwa, gyara zama ki saurara.

Ƙashin wuya gaɓoɓi bakwai ne, ɗaya bisa ɗaya. A tsakanin yawancinsu akwai wani abu mai laushi kamar ɗan matashi, wanda ke hana su gogar juna. Ta tsakiyarsu kuma laka ta ratsa, ita ce ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu, har da mafitsara. Idan matashin nan ya zame, ko ƙashi ya yi tsiro saboda shekaru, ko ya karye a haɗarin mota ko na acaɓa, ko tarin fuka ya cinye shi, sai a danne laka ko jijiyoyin da ke fita daga cikinta.

Yawancin ciwon wuya ba ya kai wa ga tiyata, magani da motsa jiki na asibiti sun isa. Amma akwai alamun da ba a wasa da su, kuma ke da kike gida ke za ki fara lura. Mutum ya riƙa sakin kofi ko cokali, ya kasa ɓalla maɓallin riga, ko ke ki kasa zura zare a allura. Yatsu su yi dindiris, tafiya ta koma tangaɗi, daga baya fitsari ya ƙi riƙuwa. Kada ki ce sammu ne ko iska. Idan a jikinki ne, ki gaya wa maigida a fili, ki nemi ya kai ki asibiti. Kuma don Allah wuya ba na mai ɗori ba ne. Jan wuya ko murɗa shi na iya shanye mutum har abada.

Yaya ake aikin? Sau da yawa ta gaban wuya ake shiga, a ɗan tsaga, a kauce wa maƙogwaro da hanyar abinci. Likitoci a Amurka ne suka fito da wannan hanya a shekarun 1950, kin ga ba sabon abu ba ne. Sai a cire abin da ke danne laka, a cike gurbin da ɗan ƙashi ko wani ɗan akwati, sannan a ɗaure da fallen ƙarfe da sukurori. Wani lokaci ta baya ake shiga a sa sanduna biyu. Ƙarfen da aka fi amfani da shi sunansa taitaniyam, ba ya tsatsa a jiki, kuma galibi ba a ciro shi. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙasusuwan har su haɗe su zama ɗaya, abin da kan ɗauki wata 3 zuwa 6, wani ma har shekara.

Me ake samu? Wanda zafi ke sauko masa daga wuya zuwa hannu, yawanci yakan samu sauƙi sosai. Amma wanda lakarsa ta daɗe a danne, babban burin aikin shi ne a tsayar da lalacewar kada ta ci gaba. Wani ƙarfinsa kan dawo, wani kaɗan ne ke dawowa. Shi ya sa jinkiri ke da tsada. Wanda ya je da ƙafarsa ya fi samun riba a kan wanda aka ɗauko a kwance.

Yanzu haɗarin, don ba zan ɓoye muku ba. Wanda aka fi gani shi ne wahalar haɗiya, kuma yawanci takan wuce cikin makonni ko 'yan watanni. Akwai dushewar murya, wadda ita ma galibi takan warware. Wani kafaɗarsa kan yi rauni na ɗan lokaci. Ciwon na iya ɗaukar ƙwayar cuta. Ƙashin na iya ƙin haɗewa, sukuru ya saki, har a sake aiki, kuma wannan ya fi samun mai shan taba, da mai ciwon suga da bai kula da shi, da tsohuwar da ƙashinta ya yi taushi. Shanyewar jiki ko rasa rai a dalilin aikin na faruwa, amma da wuya. Sannan gaɓoɓin da ke kusa da inda aka haɗe na iya kawo nasu ciwon daga baya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya nuna kusan mutum 3 cikin 100 ke samun haka a kowace shekara, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara 10.

Don haka kafin a sa hannu a takarda, a tambayi likita: me zai faru idan ba a yi ba? Gaɓa nawa za a haɗe? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da na ƙarfen? Ba laifi ba ne a je wa likita na biyu da hoton MRI. Akwai ƙwararru a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato.

Jinya kuwa taki ce, uwargida. Ki ba shi kunu, koko, fate mai ruwa-ruwa, yana zaune a miƙe. Kada a cire abin ɗaure wuya sai likita ya ce. Kada a shafa komai a kan ɗinkin, ko da man shanu ne. A kwanakin farko, in wuya ya kumbura numfashi ya fara wuya, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, wannan ba ya jiran asuba. Haka in zazzaɓi ya taso, ko ɗinki na tsiyaya, ko hannu ya ƙara mutuwa. In ke aka yi wa, ki ajiye taɓarya da jan guga da ɗaukar kaya a ka da goyo, har likita ya sallame ki. Abokiyar zama da 'ya'ya su taimaka, yau gare ki gobe ga wata. Sallah kuma, addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya, ki yi a zaune da nuni.

'Yar'uwa mai wasiƙa, ki zauna da maigida ki gaya masa abin da kika ji, ki roƙe shi ya koma wurin likita da tambayoyin nan, shi da wani babba daga cikin masu cewa kada a yi. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.