Kusurwoyin Koyo a Ajin Firamare: Jawabi a Taron Reshe



Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Mu da ke riƙe da alli mun san ajin da muke shiga kan ninka haka. A irin wannan cunkoso, yaron da ke zaune can baya yana iya gama aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, alhali kullum yana amsa karatu da ƙarfi tare da 'yan'uwansa. Shi muke nufi da kusurwoyin koyo, domin gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi su duka zama a ƙwaƙwalwa.

Kusurwa huɗu muka kafa a ajinmu. Ta karatu tabarma ce da katunan baƙaƙe da muka yanka daga kwali, har da ɓ, ɗ, ƙ da 'y, tare da gajerun labarai da muka rubuta da hannu. A ta lissafi akwai murafen kwalba da 'ya'yan tsamiya don ƙirga, da tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma. Yaron da ya kwance ɗauri ɗaya don ya cire 7 daga 32 ya fahimci ma'anar aro da hannunsa. Ta kimiyya tana bakin taga, inda wake ke tsira a gwangwani, yara suna auna tsayinsa kowace safiya. Ta huɗu ɗan kanti ne na fankon ashana da kuɗin takarda, inda ake koyon ciniki da ba da canji.

Mun raba yara rukuni huɗu, kowanne da jagoransa, suna zagayawa bayan minti goma sha biyar. Mun liƙa komai daidai idon yaro. Mun kuma yi kuskure: a zangon farko muka bar katuna a ƙasa, gara ta cinye su cikin hutu. Yanzu akwatin ƙarfe muke amfani da shi, muna ɗora shi kan bulo. Abin haɗiya kamar 'ya'yan tsamiya kuwa ba ma barin ƙanana da shi sai muna kusa.

Iyaye, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tara mana kwali, murafe da tsoffin kalanda. 'Yan'uwa malamai, dabararmu ba ta sauke wa hukuma nauyin kujeru, littattafai da ƙofar da ke kulluwa ba, kuma bai kamata albashinmu ya zama kuɗin kayan aiki ba. Mu ci gaba da nema ta hannun ƙungiya. Kafin su iso, kowannenmu ya kafa kusurwa ɗaya kafin ƙarshen zangon nan, mu zo taro na gaba mu faɗi abin da yaran suka koya.