Maganin Ciyawa Na Kafin Tsiro: Yaushe Ake Fesa Shi A Gonar Shinkafa?

 

Maganarmu ta yau a kan ciyawa ce a gonar shinkafa, musamman ku da ke noma a fadamun kogin Haɗeja, daga Miga da Auyo da Kafin Hausa har Kirikasamma da Guri. Kowane ɗayanku ya san mako shida na farko su ne rayuwar shinkafa. In ciyawa ta riga ta tashi a cikin waɗannan makonni, to, takin da ka zuba ita ka zuba wa, kuma ko ka yi cira daga baya shinkafar ba za ta yi 'ya'ya yadda ya kamata ba.

Da yawanku kuna sayen magani, kuna fesawa, sannan ku zo ku ce mana maganin ba shi da kyau. Gaskiya ne akwai jabu a kasuwa, shi ya sa muke cewa ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin galan. Amma sau da yawa in muka je gonar, sai mu tarar maganin lafiyarsa lau, lokacin fesa shi ne aka kuskure.

Ku sani maganin ciyawa iri-iri ne. Akwai wanda ake fesa wa ciyawar da ta riga ta fito, ya bi ta ganye ya kashe ta. Akwai kuma na kafin tsiro, irin su butakulo da ke cikin Butaforce, da fendimetalin mai launin ɗorawa da ke cikin Stomp. Shi wannan ƙasa ake fesa wa. Yana kwanciya a saman ƙasa kamar an shimfiɗa mayafi, ƙwayar ciyawa tana fasa tsiro sai ta sha shi ta mutu tun ba ta ga rana ba. Watau maganin ciyawar da ido bai gani ba ne. Ran da ka shiga gona ka ga ta yi kore shar da sabe da harkiya da tuji, ka makara, ka mai da galan ɗinka ɗaki.

To, yaushe ne lokacin?

In shuka ka yi, ka fesa cikin kwana 3 da shukar, kafin shinkafa ta huda ƙasa. Kada ka ce sai ran kasuwar Haɗeja za ka sayo magani. Ka tanade shi tun kafin ka fitar da iri, ka kuma shirya da mai feshi, domin a makon shuka kowa nemansa yake yi. In dashe ka yi, irin butakulo ana sa shi bayan kwana 3 zuwa 5, sa'ad da dashen ya kama, da ɗan ruwa kaɗan kwance a fangali wanda bai nutsar da shukar ba. Ka toshe mafitar ruwan na 'yan kwanaki don kada maganin ya bi shi ya tafi.

Ƙidayar kwana kaɗai ba ta isa ba, tilas ƙasa ta kasance da danshi. Danshi ne ke shigar da maganin inda ƙwayar ciyawa take. A busasshiyar ƙasa zai zauna ne a sama, rana ta cinye ƙarfinsa. Ga inda masu noman damina ke shan wuya. Ruwan farko a ƙasarmu mayaudari ne, sai a yi shi cikin Yuni, mutum ya yi shuka ya yi feshi, sannan sama ta ɗauke kwana 10 ko fiye. Ka dakata ruwa ya zauna tukuna. Ka damƙi ƙasar a hannunka: in ta dunƙule ba ta ɗigar da ruwa ba, daidai ke nan. Haka kuma in hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ka bari ya sauka ya wuce, don ruwa mai ƙarfi yakan kwashe maganin ya tara shi a kwari ya ƙone shinkafa. Ku masu noman rani a gonakin Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are a Auyo, da masu injin ban ruwa a bakin kogi, ku kun fi samun sauƙi, domin ruwan a hannunku yake. Ka yi shuka, ka ba da ruwa, ka bari ya tsotse, kashegari ko jibi ka fesa.

Masu yafa iri a saman ƙasa, ku yi hattara. In iri bai rufu ba, maganin zai taɓa shi kai tsaye, musamman fendimetalin, ya kashe shinkafar tare da ciyawar. Lalle a rufe iri sosai. A ƙasa mai yashi kuma magani ya fi saurin nutsewa zuwa wurin iri, saboda haka a ɗauki ƙaramin awo daga cikin waɗanda aka rubuta a jikin galan. Babban awo na laka ne.

Gyaran gona ma yana cikin lokacin. A farfasa hoge ƙasa ta yi laushi, a kwashe ciyawar da ta rage, sannan a yi shuka nan da nan. In ka yi haro ka bar gonar mako guda, ciyawa ta riga ta fara tsiro a ƙarƙashi ko da ba ka gan ta ba. Bayan feshi kuma kada ka sa fartanya, kada a yi ta tattaka gonar, kada dabbobi su ratsa. Duk inda aka yage mayafin nan, ta nan ciyawa za ta fito.

Game da awo, yawanci hekta guda takan ci ruwa lita 200 zuwa 250, watau cikin famfon goyo mai lita 15 sau 13 zuwa 17. Tafiyar kowa daban ce, don haka ka gwada taka. Auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ka fesa shi da ruwa zalla, ka ga lita nawa ka ƙarar, ka ninka sau 100. Abin da ka samu shi ne ruwan hektarka, sai ka raba maganin daidai a kan yawan cikin famfon. Ka sa bakin feshi mai baza ruwa kamar mafici, ba na kashe ƙwari ba. Ka yi aikin da sassafe kafin iska ta taso, da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci.

Akwai ciyawar da wannan magani ba ya iya mata. Kacala, wadda ta mamaye fadamunmu tun da madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suka canja tafiyar kogin, da tofa, da kiri-kiri, da aya-aya, duk daga saiwa ko ƙwaya ta cikin ƙasa suke sake tohowa. Su sai a fesa musu gilaifoset, irin Roundup, suna da ɗanyen ganye, a jira kamar mako 2, sannan a yi haro. Shi kuwa farakwat da kuka saba da shi da sunan Gramoxone, NAFDAC ta hana shi daga 2024.

Ƙarfin maganin kafin tsiro yakan ɗauki mako 3 zuwa 4, wani lokaci ya ɗan zarce. Daga nan ka zaga gonar. In ciyawa ta fara leƙowa, ka bi ta da cira ko da furofanil tun tana da ganye 2 zuwa 4. Wajen cira a lura, sabe yana kama da shinkafa ƙwarai. Duba inda ganye ya haɗu da kara: shinkafa tana da ɗan kunne mai gashi a wurin, sabe kuwa sumul yake.

In ka gama feshi, kada ka wanke famfo a kogi ko a hanyar ruwan noman rani. Waɗannan magunguna suna kashe kifi, ga masunta 'yan'uwanmu a ƙasa da mu har Nguru, ga shanu suna sha. Ɗebi ruwa a bokiti ka wanke a can gefen gona, ka huda galan ɗin don kada yara su ɗauka su zuba ruwan sha.

Wanda bai iya karanta abin da ke jikin galan ba, ya kawo wa malamin gona na JARDA da ke yankinsa kafin ranar shuka, a karanta masa, a kuma auna masa.