Me Google ya sani game da Shinkafi da Zurmi?

Duk mai babbar waya ya shiga Google ya rubuta Shinkafi ko Zurmi. Abin da zai fara cin karo da shi ba ɓoyayye ba ne: hari, garkuwa da mutane, adadin rayukan da aka rasa. Sai ya sha wuya kafin ya iske labarin kasuwar Alhamis ta Shinkafi ko tarihin Alibawan Zurmi. Ƙaura Namoda ta ɗan fi samun sauƙi albarkacin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983, amma ko ita, yadda layin dogo ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a cikinta a 1929, har ta zama matattarar gyaɗa da auduga, kaɗan ne aka rubuta shi da Hausa. Wasu na cewa da gangan ake ɓata mana suna. Ni a ganina matsalar ta fi kusa da gida: abin da muka sani game da garuruwanmu ba mu ajiye shi inda injin bincike zai iya karantawa ba.

Ga yadda abin yake aiki. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998, yana da manhajoji masu yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi, suna bin mahaɗan da ke kai mutum daga wannan zuwa wancan, suna kwafe rubutu suna jerawa. Idan ka yi tambaya, cikin wannan jerin ake duba maka, kuma shafin da wasu amintattun shafuka suka yi nuni gare shi ya fi samun hawa sama. To, ina namu ilimin yake? Yana cikin saƙon murya na WhatsApp, inda manhajar ba ta da ƙofar shiga. Yana cikin sanarwar da aka buga a takarda, aka ɗauki hotonta aka watsa. Yana cikin bidiyon da ba a rubuta masa ko layi ɗaya na bayani ba. Kamar ɗan kasuwa ne da ya cika rumfa da kaya, ya ja ƙyaure ya rufe, yana mamakin rashin ciniki. Su kuwa jaridun Legas da Abuja rubutu suke yi a buɗaɗɗen shafi, da kanu da kwanan wata, kuma ba sa waiwayarmu sai an yi ɓarna. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara, makonni aka yi ana ba da labarinmu daga nesa, mu kuwa ba mu da bakin magana a intanet.

Gyaran yana da ƙa'idoji, kuma ba na kamfani ɗaya ba ne. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, ya kafa ƙungiyar W3C a 1994 don a samu doka ɗaya da kowace na'ura za ta fahimta. A aikace, shafi ya samu kanu mai faɗin abin da ke ciki, da sunan garin ƙarara. Kowane hoto a rubuta masa bayani, wanda kuma shi ne manhajar makafi ke karanta musu. A sa alamar da ke shaida cewa harshen shafin Hausa ne. A yi amfani da ɓ da ɗ da ƙ na tsarin Unicode, kuma a tsaya kan rubutun suna iri ɗaya. Sannan shafin ya zama marar nauyi, domin Google yana auna shi ne da yadda yake buɗewa a waya, kuma mutumin Moriki ko Badarawa da ke lallaɓa datarsa ba zai jira hoto mai nauyi ya gama sauka ba.

Na san za a ce wannan ƙoƙarin rufe gaskiya ne, alhali jini na zuba. A'a. Ba wanda ya ce a daina ba da labarin hari, hasali ma mazaunin gari ya fi baƙo iya faɗinsa daidai, da sunan ƙauyen da abin da mutanensa ke buƙata. Abin da ke damuna shi ne yaron da aka haifa a Zurmi ya nemi garinsu bai ga komai ba sai makoki. Wani kuma zai ce a rubuta da Turanci, don shi ne ke da masu karatu. Amma a Turanci kana gogayya ne da dubban shafuka, a Hausa kuwa fili a buɗe yake, kuma tun 2013 Google Translate ke fassara Hausa ga wanda bai ji ba. Akwai kuma masu cewa duk harkar dabara ce ta cusa kalmomi don a yaudari inji. An yi wannan zamanin, kuma Google ya daɗe yana danne shafukan da ke yin haka.

Wurin farawa shi ne Wikipedia ta Hausa: kyauta ce, kowa na iya gyara ta muddin ya kawo madogara, kuma shafukanta na yawan fitowa a sahun farko. Ɗaliban kwalejin Ƙaura da malaman tarihi na sakandare za su iya farawa da shafin garinsu a wannan zangon karatu, su nemi littattafai da takardun masarautu su kafa hujja da su.