GASAR ILIMIN TATTALIN ARZIKI DA HANYAR 'YA'YANMU ZUWA JAMI'A

Jawabin da shugaban kwamitin ilimi ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Muna godiya da aka ba mu wannan dama. Mu dai malaman firamare ne, alli muka riƙe tun fitowarmu daga kwalejin horon malamai har muka yi ritaya, ba mu yi digiri a fannin tattalin arziki ba. Saboda haka in mun yi tuntuɓe, masanan da ke cikin zauren nan sai su gyara mana.

Kwamitinmu ya kawo shawarar a riƙa shirya gasar ilimin tattalin arziki kowace shekara tsakanin makarantun sakandaren gundumarmu, waɗanda suka yi fice kuma a tura su gasannin da ke gaba. Tun da maganar ta fito iyaye suke tambayarmu: shin kofin da yaro zai ci zai shigar da shi jami'a? Amsa ita ce a'a, kuma gara mu faɗi gaskiya tun yanzu.

A Nijeriya ƙofar jami'a sananniya ce. Yaro yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga fannoni da dama. Sannan ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ya amsa darussa huɗu a kan maki 400. Jami'o'i da dama kuma suna yin tasu tantancewar bayan wannan. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Duk cikin wannan lissafi babu inda aka ware maki ko ɗaya don kofi. Jami'o'in Amurka ne da wasu masu ba da tallafin karatu suke duba irin gasannin da ɗalibi ya shiga, su ma sai bayan sun ga sakamakon jarrabawarsa.

To, mene ne amfanin gasar? Amfaninta yana cikin shirin da ake yi mata. Watannin da yaro zai shafe yana karatu, yana lissafi, yana amsa tambaya a gaban jama'a, su ne za su bi shi ɗakin jarrabawa.

Bari mu ba ku labarin abin da ya buɗe mana ido. Wata shekara mun raka yaranmu gasar kacici-kacici a hedikwatar shiyya. A zagayen farko, da ake tambayar ma'anar kalmomi, babu wanda ya kama ƙafarsu, domin sun haddace littafi tsaf. Da aka shiga zagaye na biyu sai alƙalin gasa ya ce, buhun masara ya tashi daga naira 40,000 zuwa 50,000, da kashi nawa cikin ɗari ya ƙaru, in kuma ya koma 40,000 da kashi nawa ya ragu? Yaranmu suka yi tsuru-tsuru har aka kaɗa ƙararrawa. Amsar ita ce ya ƙaru da kashi 25, ya ragu da kashi 20. Abin takaici, uku daga cikinsu 'ya'yan masu awon hatsi ne, kullum ranar kasuwa suna bakin tiya. Laifin namu ne malamai, da muka koya musu hadda muka bar fahimta. A mota muka dawo gida babu mai ce wa kowa uffan.

Daga wannan darasi muka tsara shirin da muke so ku amince da shi.

Na farko, a fara da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da za a tura gasa yana aji biyu na babbar sakandare, tun yana aji ɗaya ya kamata a soma da shi. Kuma a horar da aji gaba ɗaya, maza da mata, kafin a tsamo 'yan wasa, don kada mutum biyar su amfana a bar saura.

Na biyu, a mayar da kasuwarmu aji. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin da zai rubuta farashin gero, wake, manja da man fetur duk ranar kasuwa har shekara ta zagayo. Da idonsa zai ga hatsi ya faɗi da kaka, ya tashi idan rumbuna sun yi ƙasa, ya kuma ga yadda farashin kasuwar Dawanau ta Kano yake taɓa namu. Wannan shi ne darasin buƙata da wadatar kaya. Zai gane abin da ya sa in gishiri ya yi tsada ba a daina saye, in nama ya yi tsada sai a rage. Manomin da kuɗinsa ba su isa taki da tunkiya ba, ya sayi taki ya haƙura da tunkiya, ya riga ya aikata abin da littafi ke kira sadaukar da wani zaɓi domin wani. Aikin malami shi ne ya haɗa abin da yaro ya sani da sunan da masana suka ba shi.

Na uku, lissafi. Wanda zai karanta tattalin arziki a jami'a dole ne ya zauna Lissafi a JAMB tare da Turanci da shi darasin kansa. Kashi cikin ɗari, matsakaicin adadi, karanta jadawali da zana layin farashi, waɗannan a riƙa bitarsu kowane mako.

Na huɗu, tarihin kuɗin ƙasarmu da labarun yau da kullum. Ya kamata ɗan gasa ya san cewa Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, naira ta maye gurbin fam a 1973, an shigo da shirin SAP a 1986, harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, an kuma sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Sanin shekara kawai bai wadatar ba. A tambaye shi me ya sa kuɗin mota ya tashi bayan janye tallafi, me ya sa tashin kuɗin mota ya taɓa farashin tumatir. Yaran nan sun ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da idonsu, sai a sa su bayyana abin da ya faru da ciniki a lokacin.

Na biyar, agogo da kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Mun sha ganin yaro mai ƙwaƙwalwa wanda ranar jarrabawa ce ranar da ya fara taɓa kwamfuta. Gasa tana koya wa yaro yin tunani alhali agogo na tafiya, tana kuma cire masa tsoron yin Turanci a bainar jama'a.

Kada kuma mu raina inda abin zai iya kaiwa. Tun 2018, lokacin da aka fara ta a birnin Mosko na ƙasar Rasha, ake gudanar da gasar tattalin arziki ta duniya domin 'yan sakandare. Kowace ƙasa tana tura tawagar da ba ta wuce ɗalibai biyar ba, ana gwada su a ilimin tattalin arziki, da sha'anin kuɗi, da warware wata matsalar kasuwanci da za su gabatar da Turanci. Ba mu ce gobe za mu je can ba, amma 'ya'yan mutane ne suke zuwa, kuma da rarrafe yaro kan tashi.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwanmu mazauna birane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon littattafai da kundin tambayoyin shekarun baya, da kwamfutocin da ofisoshinku suka daina amfani da su, da na'urar hasken rana da za ta riƙe su, da kuɗin mota da ɗan alawus ga malaman da za su ba da Asabar ɗinsu. Ma'aikatan banki, akantoci da malaman jami'a da ke cikinku, in kun zo hutu ku ba yaran nan awa biyu. Yaron da ya ga ɗan unguwarsu ya zama masani ya fi saurin yarda cewa shi ma zai iya. Muna kuma ba da shawarar kyautar gasar ta zama biyan kuɗin rajistar jarrabawa da na shekarar farko a jami'a, domin mun san yaran da suka sami gurbi amma rashin kuɗi ya zaunar da su a gida.

Iyaye kuma muna jan kunnenku game da masu sayar da takardun yabo na bogi da cibiyoyin satar amsa. Wanda ya shiga jami'a da ilimin aro, shekarar farko take tona masa asiri. Ku bar 'ya'ya mata su halarci bita, ku rage musu talla a ranakun karatu.

Yawancinmu da ke zaune a nan wani ne ya tsaya mana, ko malami ko kawu ko maƙwabci. Bashi ne a kanmu, kuma ga waɗanda za mu biya. Sakatare yana da takardar alkawari a bakin ƙofa, kowa ya rubuta abin da zai iya kafin a tashi.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ɗaukaka garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.