Yaƙin Italiya da Habasha: Takunkumin da Bai Tsai da Yaƙi Ba



Sau da yawa akan ji a rediyo, ko a karanta a jarida, an ce wata ƙasa ta auka wa maƙwabciyarta da yaƙi, sauran ƙasashen duniya kuwa sun sa mata takunkumi. Talakawa sukan zo ƙofar Hakimi su tambayi ma'anar wannan magana, su kuma tambayi abin da ya sa ba ta hana zub da jini. Saboda haka ya kamata mai riƙe da jama'a ya san labari guda filla-filla, wanda zai riƙa auna sauran da shi. Labarin da ya fi dacewa shi ne na Italiya da Habasha, daga 1935 zuwa 1941, gama a nan ne aka fara jarraba takunkumi a kan wata babbar ƙasa ta Turai.

Asalin rigimar

Habasha ba baƙuwar ƙasa ba ce ga masu ilmi. Can ne Sahabban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka yi hijira ta farko, Sarki Najashi ya ba su mafaka. Sa'ad da Turawa suka raba Afirka, Italiya ta kama Eritiriya a arewa da wani yanki na ƙasar Somaliya a kudu maso gabas, ta kuma so ta haɗa da Habasha. Amma ran 1 ga Maris 1896 Sarki Menelik ya karya rundunarta a Adwa. Italiyawa ba su mance da wannan kunya ba. Da Musolini ya kama mulki a 1922, sai ya ƙudura a ransa zai rama.

A 1923 Habasha ta shiga Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wadda aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Farko, mazauninta yana birnin Janeba. Ita ce ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Italiya ma tana cikinta. Sashe na 16 na alkawarin Majalisar ya tanadi cewa duk ƙasar da ta keta alkawari ta ta da yaƙi, to, a ɗauka ta yaƙi dukan ƙasashen da ke ciki, su kuwa su yanke ciniki da ita. Har wa yau a 1928 Italiya ta ƙulla amanar shekara ashirin da Habasha.

Ran 5 ga Disamba 1934 aka yi arangama tsakanin sojan ƙasashen biyu a rijiyoyin Walwal, cikin dajin Ogaden. Sarki Haile Selassie ya kai ƙara Janeba. Aka yi wata tara ana ta shawarwari, Italiya kuwa tana ta jigilar soja da kayan yaƙi ta mashigin Suwez. Ingila da Faransa suka hana sayar da makamai ga ɓangarorin biyu, alhali Italiya na ƙera nata, Habasha kuwa sai ta saya. Ran 3 ga Oktoba 1935 sojan Italiya suka ƙetare kogin Mareb, ba tare da an yi shelar yaƙi ba.

Abin da aka hana, da abin da aka bari

Ran 7 ga Oktoba Majalisa ta yanke hukunci cewa Italiya ce ta keta alkawari. Ƙasashe wajen hamsin suka yarda da takunkumi, ya fara aiki sosai ran 18 ga Nuwamba. Abu huɗu aka hana: sayar wa Italiya makamai, ba ta rance, sayen kayanta, da kai mata waɗansu kayayyaki irin su roba, da kuza, da dabbobin sufuri. Ostiriya, da Hangare, da Albaniya suka ƙi bi. Amurka dama ba ta taɓa shiga Majalisar ba, Jamus kuwa ta riga ta fita.

Abu biyu da suka fi kome muhimmanci su aka bari. Ba a hana man fetur ba, wanda in ba shi, ba mota ko jirgin sama da zai motsa. Ba a kuma rufe mashigin Suwez ba, wanda ta nan ne kusan dukan guzurin rundunar ke wucewa.

Muhawara

A kan waɗannan abubuwa biyu ne mutane suka rabu. Masu son a tsananta suka ce alkawari kaya ne, in aka bar mai ƙarfi ya haɗiye Habasha, ba wata ƙaramar ƙasa da za ta sāke dogara ga Majalisa. A Ingila jama'a da yawa suna wannan ɓangare. Cikin watan Yuni 1935 an bayyana sakamakon wata ƙuri'ar jin ra'ayi wadda mutum fiye da miliyan 11 suka jefa. Fiye da miliyan 10 suka yarda a yanke ciniki da mai ta da yaƙi, amma waɗanda suka yarda a kai ga amfani da soja ba su kai miliyan 7 ba.

Masu son a sassauta su ma suna da hujjojinsu. Suka ce Musolini ya nuna zai ɗauki hana mai a matsayin yaƙi, ƙasashensu kuwa ba su shirya ba. Suka ce ko an hana, Amurka za ta sayar. Suka ce rufe Suwez ya saɓa wa yarjejeniyar 1888, wadda ta tanadi a bar mashigin a buɗe ga jiragen kowa. Faransa musamman tana tsoron Jamus, ba ta son ta tura Musolini hannun Hitila. Ita kuwa Italiya cewa ta yi ta je ta kau da bauta ne, ta kuma tambayi Ingila da Faransa ta yaya suka sami nasu ƙasashen a Afirka.

Cikin watan Disamba 1935 asiri ya tonu. Ministan Harkokin Waje na Ingila, Sir Samuel Hoare, da Firayim Ministan Faransa, Pierre Laval, sun shirya a ɓoye a bar wa Italiya kamar kashi biyu cikin uku na Habasha, wani ta mallaka, wani ta ci amfaninsa. Jaridun Faransa suka buga labarin, mutanen Ingila suka fusata, Hoare ya ajiye aiki ran 18 ga Disamba. Watau ra'ayin jama'a ya isa ya tuɓe Minista, amma bai isa ya sa a hana mai ba.

A Italiya kuwa takunkumin ya rage ciniki, ya kuma ci zinariyar baitulmali, amma ya haɗa kan mutane a bayan Musolini. A wannan rana ta 18 ga Disamba matan aure suka yi ta miƙa zobbansu na zinariya ga Gwamnati, har da Sarauniya Elena, aka ba su na ƙarfe maimako.

Cikin Fabrairu 1936 masana da Majalisa ta naɗa suka ce hana mai zai gurgunta Italiya cikin kamar wata uku da rabi, in Amurka ba ta ƙara abin da take sayarwa ba. Ana cikin wannan, ran 7 ga Maris Hitila ya tura soja yankin kogin Rayin, hankalin Turai ya koma can. Italiya kuwa tana ta yayyafa iskar guba daga jiragen sama, ko da yake ta sa hannu a yarjejeniyar 1925 da ta haramta haka. Ran 31 ga Maris aka karya rundunar Sarki a Maychew, ran 2 ga Mayu ya bar ƙasar, ran 5 ga Mayu Badoglio ya shiga Addis Ababa.

Ran 30 ga Yuni Haile Selassie ya tsaya gaban Majalisa ya yi jawabi da harshen Amhara, 'yan jaridar Italiya suna yi masa fito. Ya bayyana ɓarnar guba, ya kuma gargaɗe su cewa in gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa. Ran 15 ga Yuli aka ɗage takunkumin.

Yadda mutanen ƙasa suka ƙi

Turai ta ɗauka magana ta ƙare, amma a Habasha tsugune ba ta ƙare ba. Italiya ta riƙe birane da manyan hanyoyi, karkara kuwa ta gagara. Masu turjiya, waɗanda ake kira Arbenyoch, watau masu kishin ƙasa, suka shiga duwatsu. Abebe Aregai ya riƙe Shawa, Belay Zeleke ya riƙe wani yanki na Gojam. Ba za su iya zama ba in da manoma ba su ciyar da su, ba su ɓoye masu rauni ba. A cikin birane akwai waɗanda suke aiki a ofisoshin Italiyawa da rana, da dare su aika da labari, da magani, da harsashi zuwa daji. Mata sun yi fice a wannan aiki, kamar Shewareged Gedle. Wani babban limamin Kirista, Abune Petros, ya ƙi ya umurci mabiyansa su yi mubayi'a, aka harbe shi a bainar jama'a a ƙarshen Yuli 1936.

Ba kowa ne ya ƙi ba. Waɗansu manyan masu sarauta sun miƙa wuya, irin su Haile Selassie Gugsa na Tigre da Ras Hailu na Gojam. Italiya ta nemi raba kan jama'a, ta gina wa Musulmi masallatai, ta kuma jawo ƙabilun da suka daɗe suna kuka da mulkin Amhara. Koke-koken nasu na gaskiya ne, ta nan kuwa baƙo ya sami ƙofa.

Turjiya ta ci rayuka masu yawa. Ran 19 ga Fabrairu 1937 samari biyu 'yan Eritiriya suka jefi Gwamna Graziani da gurneti, suka ji masa rauni. Aka yi kwana uku ana kisan mutanen Addis Ababa, ana ƙona gidaje. Lissafin Habasha ya ce mutum 30,000 ne suka mutu, binciken baya kuwa ya ce kamar 19,000. Cikin watan Mayu aka kashe ɗaruruwan masu ibada a Debre Libanos. Maimakon wannan ya tsorata mutane, sai ya ƙara cika daji da mayaƙa, har tawaye ya game Gojam kafin shekara ta ƙare.

Ƙarshen al'amari

Duk da haka masu turjiya ba su iya korar Italiya su kaɗai ba. Sai da Musolini ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Yuni 1940, sa'an nan Ingila ta kawo taimakon da ta hana a da. Ran 20 ga Janairu 1941 Sarki ya shigo ta Sudan. Daga kudu kuwa sojan Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, suka ci Mogadishu ran 25 ga Fabrairu, suka shiga Harar kafin Maris ya ƙare. Sojan ƙasar da ake kira Gana a yau su ma sun yi wannan yaƙi. Ran 5 ga Mayu 1941 Haile Selassie ya koma Addis Ababa, shekara biyar daidai da ranar da aka ci birnin. A 1946 aka rushe Majalisar Ƙawance, a 1947 kuma aka ɗora wa Italiya diyyar dala miliyan 25.

To, in an ji labarin takunkumi a ko'ina, ga tambayoyin da Habasha ta koyar. Shin an hana abin da yaƙin ke ci, ko an hana abin da ba ya damun mai yaƙi? Shin akwai babbar ƙasa a waje da za ta ci gaba da sayarwa? Shin masu takunkumin sun yarda su ma su yi hasara? Sa'an nan kuma, ina talakawan ƙasar suka karkata? Italiya ta tsira daga takunkumin ƙasashe hamsin cikin wata takwas, amma ta yi shekara biyar ba ta shawo kan manoman Gojam da Shawa ba, sai dai inda aka riga aka ɓata musu rai tun kafin zuwanta. Wannan abin lura ne ga duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon jama'a.

Allah ya ba ƙasashe zaman lafiya, ya kāre talakawa daga masifar yaƙi, amin.