Yaran Kaduna da Makarantun Addini

Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 garin Kaduna ya rabu. Musulmi sun tattara a arewacin kogin Kaduna, a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa, Kirista kuma sun koma kudu, Sabon Tasha da Television. Makarantu sun bi sahun masu su. Yau yaro kan gama firamare da sakandare a makarantar Islamiyya ko ta coci, bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba.

A da, Kwalejin Barewa ta Zariya ta yaye Yakubu Gowon da Murtala Muhammad, Kirista da Musulmi, a inuwa guda.

Ban ga laifin uban da ya kai ɗansa inda za a koya masa sallah ko addu'a ba. Haƙƙinsa ne, balle makarantun gwamnati sun lalace, ajin yara fal, wasu a ƙasa suke zaune. Damuwata ita ce abin da ake faɗa wa yaron game da maƙwabcinsa. Malamin da duk saninsa na wani addini daga bakin masu sukarsa ya samo shi, ta yaya zai yi masa adalci a gaban allo? Ba zai iya ba, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Don haka, masu makarantu, ku riƙa gayyato mai addinin ya yi bayani da bakinsa, yara su tambaye shi. Ku haɗa ɗalibanku da na ƙetaren kogi a gasar muhawara da ƙwallo, ko da sau ɗaya ne a zango.