Kada Majinyaci Ya Fita Ba a Tambaye Shi Ba

Shugaban taro, likitoci da malaman asibiti na Kwali.

Roƙona gare ku yau guda ɗaya ne, watau kada majinyaci ya bar gabanku ba ku tambaye shi ko yana shan taba ba, ko sigari ce, ko ta gari, ko shishar nan da ta shigo wa samarinmu.

Garin nan yana bisa hanyar Abuja zuwa Lakwaja, wadda direbobi da fatake da 'yan ci-rani ke bi zuwa Ikko da Badun da Fatakwal. Akwai waɗanda a wajen gadin dare ko doguwar tafiya suka koyi taba, wai don korar barci. Irinsu kan zo muku da tari ko hawan jini, a rubuta musu magani, su fita da sigari a aljihu. An kashe maciji ke nan, ba a sare kansa ba.

Gaskiya ne dokar ƙasa ta shekarar 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma doka ba ta raba mutum da nikotin, sinadarin da ke sa jiki ya kamu da ƙishirwar taba. Wannan aikinku ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma fiye da rabin mashayanta suna son su bari. A shekarar 2024 hukumar ta shawarci ma'aikatan lafiya su riƙa yi wa mashayi nasiha, ko da ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3 ce.

Saboda haka ku tambaya ba tare da kunyatarwa ba. Ku gaya masa cewa shekara guda bayan ya bari, haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi. Ku sa ya tsai da ranar bari, ku rubuta a katinsa, in ya dawo ku sake tambaya. Wanda ya koma ruwa kada ku tsangwame shi, gama yawancin masu bari sai sun gwada sau da dama.

Ku kuma 'yan'uwanmu mazauna Kudu, in malamin asibiti bai tambaye ku ba, ku fara faɗa masa da bakinku, domin mai ɓoye ciwonsa shi ke wahala.

Allah ya ba mu lafiya.